Idon Lele Na Hagu

Shafi na 17

Masu aiko min saƙo tun da sassafe kuna cewa na cika jan rai, na ji, na karɓi laifina. Ke kuma da kika ce in asiri ya tonu a wurin aiki kin daina karantawa, gyara zama ƴar'uwa, ni ma ba da son raina ba.

*

Ƙarfe sha biyu da rabi na iso asibitin idon da nake aiki riƙe da hannun Lele kamar sato ta na yi. An tashe su makaranta da wuri, Inna ta tafi jinyar yayata, maƙwabciyar da nake bar wa ita kuma na tarar da kwaɗo a ƙofarta. Ba ni da inda zan kai ta. Shekara uku ina aiki a wurin nan, ƙafarta ba ta taɓa taka ƙofar ba sai yau.

A bakin get na durƙusa kamar mai gyara mata igiyar takalmi.

"Lele, a nan wace ce ni?"

"Yaya."

"In aka tambaye ki Mama fa?"

"Tana gida."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ƴar da na haifa da cikina, shekararta shida da wata bakwai, ni na zaunar da ita na koya mata wannan karatun da bakina. Duk lokacin da ta amsa daidai, kunya ce take kama ni har tafin ƙafa.

Sifili ɗaya ne ya jawo min. Ranar da na zo neman aikin nan ina da shekara ashirin da biyu, aurena ya mutu, uban Lele ya tattara ya bar gari ko waiwaye babu. Ina kan layi wata ta fito tana share hawaye, wai manajan lokacin ya ce mai ƙaramin yaro ba za ta iya aikin safe da yamma ba. Da aka miƙo min fom, wurin da aka ce yawan ƴaƴa na zana sifili. Na ce in na zauna da gindina zan gyara. Ban gyara ba. Manajan ya tafi, ƙaryata ta zauna.

Yanzu ga shi Dakta, babbar likitar idon yara da nake aiki a ƙarƙashinta, ta zaɓe ni a tura ni ƙaro karatu na shekara biyu, in dawo ina duba ido da kaina, in daina riƙe wa wasu fitila. Ranar Litinin za ta sa hannu a takardar. Yau Alhamis.

Dakta kuwa tana yafe makara, tana yafe fasa gilashi, amma ba ta yafe ƙarya. A gabana ta sallami wani da ya rubuta awon da bai yi ba.

Muna shiga muka ci karo da Anti Mai Kati, wadda take buɗe wa marasa lafiya kati. Matar nan ko ƙuda ya gitta sai ta san daga wane gida ya fito.

"A'a, ƴar gaban goshin Dakta, wannan kyakkyawar fa daga ina?"

"Ƙanwata ce. Autarmu."

"Autarku?" Ta sauke tabarau kan hanci ta ƙare wa Lele kallo. "Lallai Innarku ta yi ƙoƙari. Amma kamar nan ta yi yawa, har wannan ɗan karkata bakin in za ku yi murmushi."

"Jini ne, Anti."

"Jini kam na gani."

Na ja Lele muka wuce kafin ta ƙara wata. Na kai ta ɗakin da muke ajiye firam ɗin tabarau, can bayan ɗakin gwaji, na ba ta takarda da biro da biskit.

"Kar ki fito. Ko fitsari kike ji ki jira ni."

"To, Yaya."

"Mu biyu ne yanzu."

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "To, Mama."

Na fita da sauri don kar ta ga idona.

Yara huɗu na gwada kafin ƙarfe biyu. Na rufe wa ɗan wata ido, na nuna masa tsuntsu da mota a allo, na yaba masa, har na yi wa uwarsa faɗa a hankali don ta jinkirta kawo shi. Ni fa. Ni na buɗe baki na ce wa wata, Hajiya ido ba ya jira.

Ina wanke hannu na ji muryar Dakta daga ɗakin firam.

"Wa ya ajiye min baƙuwa a nan bai faɗa min ba?"

Ruwan famfon ma ban tsaya kashewa ba.

Na same ta tsaye da ƙaramin firam a hannu, da alama shi ta shigo ɗauka. Lele tana durƙushe a ƙasa tana zane, ta karkatar da kai gefe guda, hancinta ya kusa taɓa takardar.

"Dakta, ki yi haƙuri, ƙanwata ce. Babu kowa a gida, yanzu zan..."

Ta ɗaga min hannu. Ba ni take kallo ba.

Ta ciro alawa daga aljihun farar rigarta, ta zagaya ta hagun Lele ta miƙa mata. Yarinya ta ci gaba da zanenta. Dakta ta matso da alawar, ta ƙara matsowa. Sai da ta kawo ta saitin hancinta sannan Lele ta zabura ta kai hannu, hannun ya wuce ta gefe, sai a na biyu ta kama.

"Na gode."

"Yauwa ƴar albarka. Kullum haka kike karkatar da kai in kina rubutu?"

"Eh. Ƴan ajinmu ma mai karkataccen kai suke ce min."

Ban taɓa jin wannan ba. Ba ta taɓa faɗa min ba.

Dakta ta juyo. "Ƴata, kawo min ita ɗakin gwaji."

Haka take kirana, ƴata, tun shekarata ta farko. Yau kalmar ta yi min nauyi.

"Dakta, akwai mutane a layi, kuma ba a buɗe mata kati ba. Wata rana na kawo ta."

"Layin nawa ne ko naki? Ki ce wa Mai Kati ta buɗe."

Na ɗora Lele a kan babbar kujera, ƙafafunta suna reto. Ni ce mai riƙe marfin da ake rufe ido ɗaya da shi, aikina ne, na yi wa yara sun fi dubu.

Na rufe na hagu.

"Me kike gani?" in ji Dakta.

"Mota. Tsuntsu. Kifi. Gida. Ɗan ƙaramin kofi."

Har layin ƙarshe ta sauke, tana dariya.

"Madalla. Sauya."

Na rufe na dama.

Lele ta fara zame kai tana neman leƙowa ta gefen marfin.

"Ban da leƙe. Na saman nan, babban, mene ne?"

"Yaya, hoton ya narke."

"Duba dai da kyau," in ji Dakta.

"Wani abu ne baƙi." Ta sake dubawa. "Gida ne?"

Mota ce. Mota ce mai girman tafin hannuna biyu.

Da ta ji ba wanda ya ce madalla, sai ta juyo wurina. "Yi haƙuri Yaya, zan gani. Kar ki yi fushi, bari in sake."

Na juya baya kamar mai neman biro. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige ban tsaya sallama da kowa ba.

Dakta ta haska mata fitila, ta sa ta bi yatsa, ta daɗe tana dubawa. Fuskarta ta canza, na san wannan fuskar.

"Ƴar albarka, an taɓa kai ki asibitin ido?"

"A'a," na ce.

"Eh," Lele ta ce.

Tare muka faɗa. Dakta ta dube ni, ta dube ta.

"Ke ba ki sani ba ke nan. Bar ta ta yi magana. Wa ya kai ki?"

Lele ta saci kallona. Wannan tambayar ba ta cikin karatun da na koya mata, don haka ta faɗi gaskiya.

"Mama."

"Ina?"

"Wani babban asibiti mai bene. Aka ba ta takarda, aka ce ta kai ni wurin likitar yara."

"Ta kai ki?"

"A'a. Ta yi kuka a mota. Ta ce sai ta gama wani abu tukuna."

"Takardar fa?"

"Tana ƙarƙashin katifa."

"Yaushe aka yi haka?"

"Tun haƙorina na gaba bai fita ba."

Wata takwas ke nan. Ni na sani, don ni na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Na ga tana zuba ruwa gefen kofi, na ga tana buge ƙofa da kafaɗar hagu, na rufe mata ido da tafin hannuna a tsakar ɗaki na gane abin da ke nan. Na kai ta can nesa inda ba a san ni ba. Likitan ya duba, ya rubuta takarda, ya ce ƙwararriya ɗaya ce a garin nan da za ta iya da wannan. Na buɗe takardar a mota na ga sunan Dakta.

Na ce bari a sa hannu a takardar karatuna tukuna. Aka ce wata mai zuwa. Aka sake cewa wata mai zuwa. Ni kuma na yi ta jira da idon ƴata.

Dakta ta buga ƙararrawa, Anti Mai Kati ta leƙo.

"Ɗauki ƴar nan ki kai ta ta zaɓi firam ɗin da take so. Kar ku yi sauri."

Ƙofa tana rufuwa ta cire tabaraunta ta ajiye a tebur.

"Zauna."

Na zauna a bakin kujera.

"Me kika gani?"

"Idon hagu ya yi lalaci, Dakta. Ƙwaƙwalwa ta daina aiki da shi."

"Maganinsa?"

"Tabarau. A riƙa rufe mai lafiyar, a tilasta wa raunannen aiki."

"Zuwa yaushe ake samun sa'a?"

"An fi samu kafin shekara bakwai."

"Shekararta nawa?"

"Shida da wata bakwai."

"Kin ci jarrabawa," ta ce, ba dariya. "Da an kawo min ita wata takwas da suka wuce, da na ce miki ki kwantar da hankalinki. Yanzu ban san nawa zan iya cetowa ba. Zan yi iya yina, amma ban yi miki alkawari ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, na san mahaifiyarki ce. Amma wace irin uwa ce wannan?"

"Dakta..."

"Wadda ba ta sani ba, ina yi mata uzuri. Kullum ina ganinsu, ba na ɗaga musu murya. Amma wannan ta sani. An ba ta takarda a hannu, ta ninke ta tura ƙarƙashin katifa, ta hau ta kwanta a kai wata takwas. Barci yana ɗaukarta kuwa?"

"Ba ya ɗaukarta."

"Me kika ce?"

"Na ce wataƙila tana da dalili."

"Wane dalili? Sai ta gama wani abu. Wane abu ne ya fi idon ƴarta? Biki? Gini? Faɗa min in ji, ke kin fi ni saninta."

"Wataƙila tsoro take ji."

"Tsoron me?"

"Kar ta rasa abin da take ciyar da yarinyar da shi."

"To ta ciyar da ita, ta ƙoshi, ta tashi da ido ɗaya. In ta girma ta tambaye ta, sai ta ce mata ai kin ƙoshi."

Hawaye ya zubo min, na kasa tare shi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne yadda ta taso ta dafa kafaɗata.

"Ba da ke nake ba, ƴata. Ke ma ɓoye miki aka yi, na ga alama. Na san ki. Da kin sani, da a ranar kin goyo ta kin kawo min, ko da tsakiyar aiki ne. Shekara uku ina kallon yadda kike da ƴaƴan mutane, shi ya sa da aka ce in ba da suna ɗaya ban yi shawara da kowa ba. Mutum huɗu suka zo har gida suna roƙona, na ce na riga na zaɓa."

Gara ta mare ni. Wallahi gara ta ɗaga hannu ta mare ni da wannan yabon.

"Dakta, akwai maganar da nake so in faɗa miki."

"Ina ji."

Na buɗe baki. Na ga takardar Litinin, na ga shekara uku na sammako, na ga fuskar Inna ranar da na ce mata an zaɓe ni. Na ga kaina a bakin get riƙe da jaka, Anti Mai Kati tana ba da labarina har da ƙari.

"Na gode," na ce. "Shi ne kawai."

Na tsani kaina a wannan lokacin fiye da yadda na taɓa tsanar kowa, har da uban Lele.

Aka turo ƙofa. Lele ta shigo da gudu da jan firam a fuska, babu gilashi a ciki, ya zamo mata har kan hanci.

"Yaya, kalle ni."

"Kin yi kyau."

"Kuka kika yi?"

"Abu ne ya faɗa min a ido."

"To ai ga likita nan," in ji Anti Mai Kati, tana ajiye sabon kati a tebur. "Dakta, na cike komai, saura sunan uwa da lambar waya. Na tambayi ƴar, ta ce sunan Mamanta Mama."

Ba ta fita ba. Ta jingina da ƙofa ta harɗe hannu.

Dakta ta jawo wata takarda daga aljihun tebur. Na san ta, ni nake miƙa wa iyaye ita kullum.

"Yau zan ɗiga mata maganin buɗe ido in yi cikakken awo. Ba zan ƙara kwana ɗaya a kan wata takwas ba. Amma sai uwa ko uba ya amince."

"Kawo in sa hannu, Dakta."

"Ke yaya ce."

"Ai duk ɗaya ne, ni nake kula da ita."

"Ba ɗaya ba ne, kin fi kowa sani. Sau nawa kika mayar da kawu da gwaggo a kan takardar nan? Uban fa?"

"Ba ya nan."

"To uwar. Kira min ita. Ko ta waya ta amince ya isa na yau, gobe ta zo da ƙafarta ta sa hannu. Ina so ma in ji muryar matar nan."

"Ta yi tafiya."

"Da wayarta ta tafi ai."

"Inda take ba sabis sosai."

"Mu gwada. Ba ni lambar."

Na kawar da ido.

"Ban haddace ba. Tana cikin wayata, wayar kuma ta mutu tun safe, ba caji."

Ƙarya ta huɗu ke nan cikin minti ɗaya, a gaban ƴata, tana kallon bakina.

Dakta ta yi tsaki a hankali. "Yaran zamani. Lambar uwarki ma sai waya ta riƙe miki."

"Ni na sani."

Lele ce. Ta ɗaga hannu sama kamar a aji, jan firam ɗin ya karkace.

"Na san lambar Mama. Ta koya min da waƙa, ta ce ko zan ɓata a kasuwa in faɗa wa babba."

"Lele, bari, za ki rikita..."

"Bar ta," in ji Dakta. "Kin ga ƙaramar ta fi ki. Faɗi, ƴar albarka, a hankali."

Ta jawo wayar asibiti da ke kan tebur, ta danna maɓallin da kowa zai ji.

Lele ta gyara tsayuwa, ta sa hannu a baya. Tun da aka rufe mata idon dama take neman abin da za ta faɗa daidai a yaba mata, ga shi ta samu. Ta fara rerawa da muryar da na koya mata, lamba uku, ta ja numfashi, lamba huɗu, ta ja numfashi.

Dakta tana dannawa.

Ina iya cewa ta yi kuskure. Ina iya fita da gudu in ce fitsari. Ina iya zura hannu a aljihu in kashe. Ban yi ko ɗaya ba.

Lamba huɗun ƙarshe. Ba ta ɓata ko ɗaya ba.

"Madalla," in ji Dakta, ta danna kira.

Ƙara ɗaya ta fito daga wayar tebur.

Ta biyu daga aljihun farar rigata ta fito.

Anti Mai Kati ta sauke hannuwanta. Lele ta dubi aljihuna, ta dubi fuskata, murmushinta ya ɗauke, ta kai hannu ta toshe bakinta.

Dakta ba ta katse ba. Ta bar wayar tana ta kuka a jikina, ta ɗauki tabaraunta ta mayar, ta dube ni ta cikinsu.

"Ɗauka mana," ta ce. "Uwar yarinyar nake nema."